Sandar sirdin da ta kafe a jikin keke

Malam, ka ce sandar sirdinka ta ƙi motsi ko ka kwance noti. Don Allah kada ka buge ta da guduma, ƙara nutsewa za ta yi. In sandar ta alminiyam ce, firam kuma ƙarfe, ruwa ne ya shiga tsakaninsu, alminiyam ya yi wata farar tsatsa da ta cike gurbin. Ka ɗiga kananzir ko WD-40 (man feshi mai sassauta tsatsa) a bakin bututun da sandar ta shiga, safe da yamma har kwana 3, sannan ka kama sirdin ka riƙa murɗawa hagu da dama a hankali. Sanya ƙanƙara kan sandar yana taimakawa, domin alminiyam ya fi ƙarfe tsukewa cikin sanyi.

Idan ta fita, ka goge ta tas, ka shafa giris, ka riƙa ciro ta ko sau ɗaya a shekara.