Re: Tsohuwata ta shiga damuwa, ta fara mantuwa, ko don ba ta yi lakwal ba ne?

Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba Inna lahiya. Kin ce tun rasuwar Baba ta daina hita, ko biki ba ta zuwa, yanzu kuma sai ta aje carbi ta yi ta nema, kina tsoron ruɗewar tsufa ce.

Akwai alaƙa kam. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet a 2020 ya lissafa abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin cutar, ciki har da ƙarancin karatu, ciwon damuwa, tansiyo, rashin ji da kaɗaici. Karatu yana ba ƙwaƙwalwa kamar ajiya ta rumbu, in cutar ta zo tana daɗewa kahin ta nuna, amma hwa rashin lakwal ba hukunci ba ne, tsohi nawa ne nan Maradi ba su san ABC ba kuma lissahin kasuwa ba ya kuɓuce musu.

Ni abin da ya hi damuna damuwar ce, don ita kanta tana kawo mantuwa kuma ana maganinta, wani lokacin kuma ita ce alamar farko ta ruɗewar tsufa. Ki kai ta ga likita a auna tansiyo da sukari, a duba kunne. Ki riƙa jan ta islamiyya, ki tura mata jikoki su dame ta da surutu.