Kat-kat ba laya ba ce

Kai, ajiye wayar nan tukuna. Wai wacce ta fi riƙe hanya a kwana, mai ja da ƙafa huɗu, wato kat-kat, ko mai turi da ƙafafun baya? Ku yaran yanzu kowa direban tsere ne a waya, amma in na ce a miƙo sifana 12 sai a kawo mini 13.

Mai turin baya, irin Peugeot 504 da muka koyi aiki a kanta, ƙafafun gaba juya kai ne aikinsu, na baya su tura. Ka taka mata wuta a tsakiyar kwana, gindi ya ƙwace, sai mai hannu ke tare ta da sitiyari. Motocin tseren Formula 1 duka turin baya ne. A tsakuwa da laka kuwa, tun da Audi ta fito da Quattro mai ja da ƙafa huɗu a 1980 ta sa ta tseren daji, masu ƙafa biyu suka riƙa shan ƙura. Amma ƙafa huɗu wajen tashi take taimakonka, birki duk ɗaya ne. Ka shigo kwana da gudu, hancinta ya miƙe ya ƙi juyawa.

Wannan tambaya taka ita ta ci mini jika 180 na sefa. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo Hilux, bwat ɗin kat-kat, wato akwatin giyarta, na kuka. Na je Katsina da kuɗin aljihuna na sayo kaya, na ɗaura, ya ce zai biya in ya komo daga Damagaram. A gaban direbansa, yaro kamarka, na ce: rairayin ƙauyukan Dakoro ka sa kat-kat, ka hau kwalta ka cire. Irin wannan Hilux in ka sa mata, gaba da baya a ɗaure suke, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin ƙasa. Rairayi na barin taya ta sulale. Kwalta ba ta bari, sai haƙoran giya su sha wahalar.

Yaron nan wai ya ji an ce ƙafa huɗu ta fi riƙe hanya. Bai cire ba tun daga Maradi, ga kaya niƙi-niƙi. Sun wuce Tasawa kaɗan bwat ta watse. Aka jawo mini ita da igiya, Alhaji ya tsaya nan inda kake tsaye, a gaban yarana, yana rantsuwa wai tsohon ƙarfe na wanke na sa masa. Ni! Na nuna masa sandar kat-kat, tana nan a inda yaron ya bar ta, ya ce shi bai san wannan ba. Manya suka shiga, aka ce in yi haƙuri. Na sake aikin kyauta, kuɗin farko ko dala ban gani ba. Sau biyu ya je Makka bayan nan, har yau in ya wuce ɗaga mini hannu yake.

Yadda ake sawa da cirewa kuwa, wannan ko mai wankin mota ya sani. Jawo jak, ka shiga ƙarƙashin waccan ka duba mini inda take yoyon mai.