Kifi da man kifi ga kare mai susa: amsa ga ɗan'uwanmu na Aboabo

Salamu alaikum ƙanina. Ka ce karen gadin gidanku ya dame ku da susa, gashinsa na zuba, wani ya ce ka riƙa ba shi kifi da man kifi, kana tambaya ko babu illa. Na daɗe ina kiwon karnukan gadi a nan Asawase, cikin Kumasi. Kifi abinci ne mai kyau ga kare, man kifi ma yana da amfani, amma ba su ne maganin kowace susa ba.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, kama karen ka duba jikinsa da rana. Buɗe gashin bayan kunne, tsakanin yatsu da gindin wutsiya. Kaska in ta sha jini ta kumbura ba ta ɓuya. Ƙuma kuwa tana barin wani baƙin gari a kan fata. Kakkaɓe shi a kan farar takarda mai laima, in ya koma ja, jinin karen ne da ta sha. In kuma bakin kunne da gwiwar ƙafafun gaba sun yi ɓawo, gashi ya tsige, to ƙazuwa nake zargi, kuma ko kwalba goma ta man kifi ya sha ba za ta tafi ba. Kai shi asibitin dabbobi na Amakom, su kankari fatar su duba a madubin likita. Na sha ganin karnuka suna wahala wata da watanni ana ta ɗura musu mai, alhali maganin ƙwari kawai suke bukata. Abin yana ci mini rai, domin dabba ba ta da bakin faɗa.

To, kifin. Wanda na fi ba nawa shi ne amane (ɗan'uwan sardin) da kifin saman (makarel) na kol-sito, wato shagon kifin ƙanƙara, sai ƙananan nan da ake kira Keta school boys. Masu maiƙo ne, kuma a maiƙon ne ake samun omega-3, wato EPA da DHA, masu rage kumburi a fata da gaɓoɓi. Tsohon kare da ke tashi da ƙyar da safe yana jin daɗinsu, ɗan kwikwiyo kuma DHA na taimaka wa ƙwaƙwalwarsa da idonsa. Manyan kifaye irin su tuna suna tara zaiba mai guba a jikinsu saboda suna cin ƙanana shekara da shekaru, don haka kada ya zama na kullum.

Dafa shi a ruwa zalla. Ba gishiri, ba magi, ba barkono, ba albasa, ba tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu, shi ya sa ragowar miya da shito ba nasa ba ne, ko da yara sun ji tausayinsa. Kifayen da ake adanawa da gishiri irin su koobi, momoni da kako kuwa gishirinsu ya wuce kima. Ɗanyen kifi ma a'a. Amane da 'yan'uwansa suna da wani sinadari mai cinye bitamin B1, karen da aka daɗe ana ba shi ɗanye sai ya daina cin abinci, ya riƙa tangaɗi, har farfaɗiya. Wuta na kashe wannan sinadarin, ta kashe tsutsotsi. Kuma saman da ya wuni a rana ya fara wari, zubar da shi, dahuwa ba ta gyara shi.

Ƙaya ita ce babbar fargabata. Idan kifin ya huce, zauna ka marmasa shi da yatsunka a faranti, ka zare ta tsakiya, ka bi gefe-gefe kana lalube, musamman wajen ciki da fiffike. Kifin tilapiya na Bosomtwe ƙayar bayansa tsini gare ta, tana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ta huda hanji. In ka ga kare yana kakari, yawu na dalala, yana kai ƙafa baki, kada ka tura masa banku wai ya wuce da ita, nufi wurin likita. Sardin na gwangwani ƙayarsa ta yi laushi, sai dai ka tsiyaye man ka ɗauraye. Sau biyu ko uku a mako ya isa, a haɗa da abincinsa na kullum.

Man kifi iri biyu ne a kemis, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai man hantar kifi, irin wanda iyayenmu suka ba mu muna yara. Yana da bitamin A da D da yawa, su kuma taruwa suke a jiki, in sun yi yawa su zama guba. Kada ka ba kare shi sai likita ya ce. Na biyun shi ne man jikin kifi, mai omega-3 a rubuce. Juya kwalbar ka karanta: kafso mai miligiram 1000 galibi EPA 180 da DHA 120 ne a ciki, kuma da waɗannan lambobi da nauyin karen likita zai yanka maka adadi. Fara da kaɗan, ka huda kafson ka matse a kan abinci. In kashinsa ya yi ruwa ko ya yi amai, rage. Yawansa na sa ƙiba, yana kuma jinkirta daskarewar jini, saboda haka in za a yi masa aiki ko yana shan wani magani, gaya wa likita. Masu kama da alewa da ake taunawa ka bar su, wasunsu na da zaƙin xylitol, shi kuma kisa yake yi wa kare.

Zafin garin nan yana lalata mai da wuri. Ajiye shi a firij, ka riƙa fasa ɗaya kana shinshinawa, in ya yi ɗoyi ya tashi aiki. Kuma ka yi haƙuri, sai an yi mako shida zuwa wata uku kafin ka ga gashi ya fara sheƙi. In za ka Amakom, tafi da katin rigakafinsa su duba ko allurar haukan kare ta yi lokaci, ka kuma turo mana hoton kunnuwan da bayansa mu gani.