Tambaya da Amsa: Wane ne mai kan giwar nan na Indiyawa?

Tambaya: Salam Anti, ni tela ce anan Jos wajen Terminus, akwai wata Ba'indiya da nake wa ɗinki, rannan naje kai mata kaya sai naga ɗan gunki mai kan giwa a falonta an zagaye shi da furanni da fitila, tace wai bikinsa sukeyi. Naji nauyin tambayarta. Dan Allah meye wannan?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Sunansa Ganesha, wasu suce Ganapati, kuma a addinin Hindu yana cikin waɗanda akafi ji dasu, dan sun yarda shine mai kawar da cikas, shiyasa in za'a buɗe shago ko ɗaura aure ko fara karatu da sunansa suke farawa. A labarinsu ɗan Shiba ne, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, da matarsa Parbati, wai uwar ce ta sashi gadin ƙofa zatayi wanka, Shiba ya dawo yaron ya hanashi shiga, cikin fushi ya sare masa kai, da uwar ta tada hankali sai aka ɗora masa kan giwa. In kika duba da kyau zakiga ɗan ɓera a gindinsa, shine abin hawansa.

Ɗakin bautarsa da yayi suna sosai shine Siddhivinayak a birnin Mumbai, tun 1801 aka gina shi, kuma ranar Talata ce ranar cika, mutane na bin layi tun kafin gari ya waye. Ana cire takalmi a waje, a kaɗa ƙararrawa, a kai furanni da kwakwa, sannan mai jagorantar bautar ya kunna fitila yana zagayawa da ita gaban gunkin ana waƙa, wannan shine arti.

Bikin da ta faɗa miki Ganesh Chaturthi ne, yana faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, kwana 10 akeyi. Da can a cikin gida akeyi, sai a 1893 wani ɗan gwagwarmaya Bal Gangadhar Tilak ya fito dashi fili dan haɗa kan mutane lokacin mulkin Turawan Ingila. Ranar ƙarshe ake ɗauko gumakan da ganguna da rawa a kaisu teku ko kogi a nutsar, titi ya cika maƙil kamar hawan sallah, kuma yanzu su kansu suna ta kira a koma gunkin yumɓu tunda fenti na ɓata musu ruwa, wannan kam na yaba musu.

Ni dai da kin tambayeta da naji daɗi, matar da ta shigo dake har falonta bazata ji haushin tambaya ba, kuma jin bayani ba shiga addini bane. Abu ɗaya zan jawo hankalinki, akwai wani kayan zaƙi da sukeyi, modak, garin shinkafa ne da kwakwa da mazarƙwaila a ciki, wanda aka fara ajiyewa gaban gunkin kafin a raba sunansa prasad. In ta miƙo miki ki tambayeta ko wanda aka kai wajen bauta ne, in shine ki gode mata ki faɗa mata cikin ladabi cewa addininki bai baki dama ba.