Yaron shagon kayan noma: abin da ya kamata ya fara koya

Tambaya ta farko a wannan makon ta fito ne daga wani manomi mazaunin Hotoro a birnin Kano, wanda yake noman shinkafa da tumatir a Kura. Ya ce ya haɗa ɗansa mai shekara 16 da wani amininsa mai shagon kayan noma a kasuwar Sabon Gari, domin yaron ya riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta da kuma ranakun Asabar da Lahadi. Sai dai bayan wata biyu yaron ya ce ba zai koma ba. Kwalaben magani suna rikita shi, har ya taɓa miƙa wa wani manomi maganin ciyawa a maimakon na ƙwari, Allah Ya sa maigidan ya ankara kafin mutumin ya fita. Lissafin canji yana kuɓuce masa idan jama'a suka yi yawa, maigidan yana yi masa faɗa a gaban mutane, wasu ranakun kuma yana dawowa gida da ciwon kai. Mahaifin yana tambaya ko ya tilasta masa komawa, ko ya ƙyale shi.

Malam, zan fara da ciwon kan nan, domin ya fi sauran koke-koken tayar mini da hankali. Mai yiwuwa gajiya ce da zafin kasuwa, amma wajibi ne ka zaunar da yaron ka tambaye shi ko ana sa shi ɗura magani daga galan zuwa ƙananan kwalabe, ko yana zama a ɗakin ajiya inda iska ba ta ratsawa, ko yana cin abinci da hannun da ya taɓa kaya ba tare da ya wanke ba. Magungunan ƙwari da yawa suna shiga jiki ta fata da ta numfashi, kuma alamunsu na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da yawan gumi da dalalar miyau. Yaro ɗan shekara 16 bai kamata ya buɗe galan ɗin guba ba, bai kamata ya ɗura ko ya haɗa ba, kuma wannan ba ra'ayina ne ni kaɗai ba, domin Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aikin da yake cutar da lafiya tun shekarar 2002. Aikinsa shi ne miƙa kwalbar da take rufe daga kamfani, da karɓar kuɗi, da jera kaya, da rubutu. Idan magani ya zubo masa, a cire tufafin nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Idan kuwa ya shiga baki, kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a tafi da shi asibiti domin likita ya ga sunan sinadarin. In amininka ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, shawarata ita ce ka janye ɗanka ka nemar masa wani shagon, ko da zumuncinku zai ɗan yi tsami.

Idan an kawar da wannan, ina ganin yaron ya koma, kuma ina roƙonka kada ka ɗauki rikicewarsa a matsayin rashin ƙwaƙwalwa. Wanda ya shiga irin wannan shago zai ga kantoci cike da kwalabe masu girma ɗaya, lita-lita, masu hoton masara ko tumatir a jiki, da sunayen kamfanoni da aka rubuta da manyan haruffa, alhali abin da yake cikinsu ya sha bamban. Kuskuren da akan yi wa sabon yaro shi ne a ce ya haddace waɗannan manyan sunaye, waɗanda suke da yawan gaske kuma kullum ana fito da sababbi. Abin da ya kamata ya koya shi ne ƙaramin rubutun da yake ƙarƙashin babban suna, wato sunan sinadarin da yake aiki. Sinadaran da aka fi saya a Kano ba su da yawa, kuma kamfanoni da dama abu ɗaya suke sayarwa da suna daban-daban.

Ya sayi ƙaramin littafi ya kasa shi gida uku, na ciyawa da na ƙwari da na cututtukan ganye, ya riƙa rubuta sinadari biyu ko uku a kowane mako tare da aikinsu. A ɓangaren ciyawa, ya san cewa glyphosate ba ya zaɓe, duk tsiro mai ɗanyen ganye da ya taɓa zai kashe shi har saiwa, don haka kafin shuka ake fesa shi domin share gona. Ya san cewa 2,4-D yana kashe ciyawa mai faɗin ganye a cikin shinkafa da masara da dawa, amma idan iska ta kai shi kan tumatir ko wake sai ganyensu ya murɗe. Pendimethalin da butachlor kuwa ana fesa su ne a kan ƙasa mai damshi domin hana ciyawa tsirowa. A ɓangaren ƙwari, zai yawaita jin lambda-cyhalothrin da cypermethrin a wurin masu wake, da emamectin benzoate a wurin masu masara tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a ƙasar nan a 2016. Mancozeb na cututtukan ganye ne, ba ya kashe ƙwaro. Kai manomi ne, kana da abin da maigidansa ba shi da lokacin ba shi: ka tafi da shi Kura wata Asabar, ka nuna masa ganyen da tsutsar nan da ake kira sharon ta huda a tumatir, ka nuna masa bambancin ciyawa mai siririn ganye da mai faɗi. Abin da ya gani da idonsa a gona ba zai ƙara ɓace masa a kan kanta ba.

Haka nan ya saba da duba abubuwa uku a jikin kowace kwalba kafin ya miƙa: lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar da wa'adin maganin zai ƙare, da launin zanen da yake ƙasan takardar, inda ja yake nuna mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Taki ya fi sauƙi, domin lambobin da suke jikin buhu su ne bayaninsa. Kamfa mai 15-15-15 na nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya daga sinadaran N (sinadarin ganye) da P da K, wato kilo 7.5 na kowanne a buhu mai kilo 50. Mai 20-10-10 ya fi yawan sinadarin ganye, yuriya kuwa sinadarin ganye ce zalla, kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu. Yuriya tana shan damshi ta dunƙule, shi ya sa ake jera buhunanta a kan katako nesa da bango. A wajen iri, ya san cewa SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, dukansu daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, FARO 44 kuma shinkafa ce. Irin albasa yana saurin mutuwa, ba a barin sa ya shekara a shago mai zafi, irin da aka shafa wa magani mai launi kuma ba na ci ba ne, ko ga mutum ko ga kaji.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi duk haddar nan muhimmanci, wato yadda zai karɓi manomi. Da yawa daga cikinmu muna shiga shago mu ce a ba mu maganin feshi, iyakar bayanin ke nan. Yaron ya koyi gaisuwa da ladabi, sannan ya tambaya: Baba, wace shuka ce, kwananta nawa, me ka gani a jikinta, kuma gonar eka nawa ce? Idan amsar ta fi ƙarfin saninsa, ya ce bai sani ba, bari ya kira maigida, domin mai tambaya ba ya ɓata. Yara suna jin kunyar faɗin haka saboda gudun faɗa, sai su yi ƙarfin hali su miƙa abin da ya fi kusa da hannunsu, kuma manomin da ya ci bashi ya shuka shi ne zai kwashi asarar. Saboda haka ka roƙi amininka, cikin mutunci, ya riƙa gyara wa yaron bayan mai saye ya tafi, kuma ya yaba masa duk ranar da ya kira shi a maimakon ya yi zato.

Batun canji kuwa sabo ne kawai. Ya sallami mutum ɗaya kafin ya saurari na gaba, ya faɗi kuɗin da aka ba shi da baki, ya ajiye shi a kan tebur har sai ya ƙirga canji a hannun mai shi, kada ya saki kaya sai ya ga kuɗin tiransifa sun shigo wayar shago, kuma kada ya ba da bashi ba da izinin maigida ba. Lissafin awo ya fi wannan buƙatar kulawa, kuma darasin makarantarsa zai yi masa amfani. Misali, idan takarda ta ce lita 4 a hekta cikin ruwa lita 200, famfon manomin kuma mai lita 20 ne, goyo 10 ke nan, kowanne da mililita 400. Ya riƙa yin irin wannan a littafinsa. Sa'o'in aikin kuma a taƙaita su idan jarrabawa ta gabato, domin karatun ne ya sa yake iya karanta takardar da yawancin masu saye ba sa iya karantawa.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Ɗorayi, wadda take sayen wake a Dawanau lokacin kaka ta ajiye zuwa bazara. Ta ce wani yaron shago ya ba ta shawarar ta yayyafa wa waken maganin ƙwari na ruwa mai ƙarfin wari kafin ta ɗinke buhu, tana tambaya ko hakan daidai ne.

Hajiya, kada ki yi haka. Bisa kwatancenki, maganin nan mai sinadarin dichlorvos ne ko makamancinsa, kuma ba a yi shi domin a zuba a kan abincin da mutane za su ci ba. Yawansa a jikin wakenmu ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, ga shi kuma 'ya'yanmu ne suke cin wanda ya rage a gida. Yaron ya faɗi abin da ya ji manya suna faɗa ne, don haka ki sanar da maigidansa ba tare da tozarta shi ba. Ki nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ki shanya waken ya bushe sosai, ki fece shi, ki duba ledojin ko akwai huda, ki zuba, ki matse iska, sannan ki ɗaure kowace leda daban kafin ki ɗaure na waje. Rashin iska ne yake kashe ƙwaron, saboda haka kada ki riƙa buɗewa kina ɗiba. Ki ɗora buhunan a kan katako inda ɓera ba zai kai gare su ba, wanda za ki ci a gida kuma ki ware shi a jarka mai murfi mai kyau, ki cika ta har wuya.