Masai Ya Tumbatsa Bayan Ambaliya: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ambaliya ta cika masan gidanmu har ya malala cikin rijiya. Yanzu ruwan ya kwanta, ya yi garau. Mu sha? (Wani magidanci)

Amsa: Malam, don Allah kada ku sha. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara, kuma ruwan da ya yi garau yana iya ɗauke da ita. A Haiti, a 2010, ƙazantar banɗakin sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta gangara kogin da jama'a ke sha, amai da gudawa ya ɓarke, ya kashe mutum kusan 10,000 cikin shekarun da suka biyo baya. A kwashe ruwan rijiyar, a yashe ta, ma'aikatan lafiya su zuba mata kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Kafin nan ku tafasa ruwan sha, ko ku sa ƙwayar kilorin ku jira minti 30. In za ku haƙa sabon masai, ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ta gangare.

Tambaya: Muna sansanin 'yan gudun hijira, banɗaki kaɗan ne, ga nisa, ga duhu. Da dare a leda muke yi. (Wata uwa)

Amsa: Baiwar Allah, wannan ba laifinku ba ne, kuma abin yana ci mini rai. Na san mata da yawa na ƙin cin abinci da shan ruwa da rana don gudun fita, hakan kuwa yana jawo ciwon mafitsara. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce banɗaki ɗaya ga mutum 20 (ana iya lamuntar 50 a kwanakin farko), kada ya wuce mita 50 daga makwanci, na mata daban, da sakata da fitila. Haƙƙinku ne, ku haɗu ku kai kuka ga shugabannin sansanin. Ledar nan kada a jefa ta kwata ko bayan tanti. A binne ta a rami nesa da ruwa. A wanke hannu da sabulu, in babu, da toka.

Tambaya: Kakata ta ce kashin jariri ba ƙazanta ba ne. (Wata amarya)

Amsa: A gaishe da kaka, amma yana ɗauke da cuta kamar na babba. Ki juye fo a masai, ki wanke hannu. In yaro ya fara gudawa, ki ci gaba da shayarwa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa ko idonsa ya faɗa, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.