Amsa: Mai zane a bangon mutane, wane hukunci ya dace da shi?

Malam, ka tambaya ko ya dace a ɗaure matashin da ya fesa fenti a bangon da ba nasa ba, ko da zanen ya yi kyau. A ganina laifi ne, domin bango na da mai shi. Amma kurkuku ya yi yawa.

Dubi Singafo. A 1994 kotu ta yanke wa Michael Fay, ɗan Amurka mai shekara 18, ɗaurin wata huɗu da tara da bulala shida saboda fesa wa motoci fenti. Sai da Shugaba Clinton ya sa baki aka rage bulalar zuwa huɗu. Bulalar can kuwa ba wasa ba ce, sandar tana fasa fata, tabon ya zauna. Fenti kuma ana kankare shi.

A New York abin ya juya. Mai wani gini da ake kira 5Pointz ya ba masu zane izinin yin zane a bangon ginin shekara da shekaru, sai a 2013 ya sa aka shafe zanen da farin fenti cikin dare. A 2018 alƙali ya umarce shi ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75.

Ka ga ke nan izini ne ginshiƙin maganar. Wanda ya zana ba izini, a sa shi ya sayi fenti da kuɗinsa, ya shafe da hannunsa, mai bango na tsaye. Idan rubutun zagi ne ko tunzura jama'a, wannan wata shari'a ce daban. Kuma a haɗa da 'yan siyasarmu masu cika katangun makarantu da sunayensu lokacin zaɓe, su ma ba wanda ya ba su izini.